Baba, An Zo Aron Gonarka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Haruna na Gagarawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a durƙushe, yadda ka saba ganina, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san ba a kai wa kabari wasiƙa, amma labarin nan naka ne kafin na kowa. Masu leƙowa su karanta, ban hana su ba.

Baba, an zo aron gonarka.

Wasu baƙi ne masu kamfani, da motoci masu baƙin gilashi. Suka ce su ba saye ya kawo su ba, aro ne kawai na shekaru masu yawa. Za su kewaye ta da katanga, su haƙa rijiyar burtsatse, su gina wurin ajiye riɗi. Ƙanena Sani, wanda gonar take hannunsa tun rasuwarka, za su ba shi aikin kula da wurin, har da sabon babur.

Ka dai san Sani. Kai da bakinka ka ce mini a gadon jinya, "Hajara, yaron nan ko rigar jikinsa aka roƙa sai ya cire. Ki sa ido a kan gonar nan." Da wannan fargabar ka tafi, ita ce kuma ta taso mini ranar da na ji zancen babur.

Na tuna shekarar da ka ara wa amininka Malam Idi gefen gabas na gonar. Ya yi gero, ya yi wake, sai wata damina ya dasa ɗan mangwaro a ciki. Ka tono shi da ƙasarsa, ka ɗauka a ka har ƙofar gidansa, ka dasa masa a can da hannunka, ka ba shi ruwa. Ka ce, "Mangwaro naka ne, Idi, ƙasar ce ba taka ba. Mai aro ba ya dasa itace." Mutane suka yi ta cewa ka cika tsauri, amma har ka bar duniya akushi ɗaya kuke ci da shi.

Ban yi wa Sani faɗa ba, don faɗa ba ya shiga kansa, sai dai labari. Tun da tarihi nake koyarwa a Gumel, sai na je gida na zaunar da shi a zaure, na ba shi wanda nake ba ɗalibaina.

Na gaya masa yadda Amurka, wadda ita ma ta ƙwaci kanta daga hannun Ingila, ta girma ta fara hangen ƙasashen wasu. Akwai tsibiran Hawai can tsakiyar teku, masu sarautarsu da gonakinsu. Amurkawa suka fara zuwa da wa'azi da ciniki, suka sami fili suka shuka rake, ƙasarsu ta nemi wurin tsayar da jiragen ruwa. Da suka yi saiwa, masu gonakin raken suka tumɓuke sarauniyar tsibiran, ƙasar ta koma ta Amurka. A Filifin da sunan taimako suka shiga, wai a kori Sifaniyawa, daga baya suka juya bindiga kan waɗanda suka zo taimaka wa. A Kyuba kuwa wani bakin teku suka karɓa haya, masu ƙasa sun daɗe suna cewa a ba su abinsu, har yau shiru.

Sani ya ce, "Yaya, ranar farko maraba aka yi musu?" Na ce ƙwarai. Ya tashi ya tafi ba awaki ruwa. Na koma Gumel raina a ɓace, ina cewa na yi asarar yawuna.

Baba, da kana nan ranar da masu kamfanin suka dawo! A gaban mai unguwa Sani ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka dama musu fura. Sai da suka sha suka ƙoshi ya ce ya yarda da aro, amma na damina ɗaya. Ba katanga, ba rijiya, ba gini, ba dashe. In an yi girbi su miƙo gona, in suna so su sake tambaya. Suka yi dariya, ya taya su. Suka ƙara masa alkawura, ya gode musu, ya maimaita maganarsa ba ragi. Da suka gaji suka tashi, har bakin mota ya raka su yana yi musu addu'ar sauka lafiya.

Ba a banza ya sha ba. Wasu dangi sun daina amsa gaisuwarsa, kuma har yanzu tsohon baburinsa sai an tura yake tashi. Amma wallahi tun da nake ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da shi ba. Taushin nan da ya tsorata ka yana nan, bai bar shi ba, da shi ɗin ya ce musu a'a.

Bana gero ya shuka daga iyaka zuwa iyaka, ya riga ya fitar da kai. Ka huta, Baba. Aikin da ka ba ni na sa ido ya ƙare, na sauke shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya bar gonar nan a hannun jikokinka.

'Yarka mai kewarka,
Hajara