Inna Ta Ce Biyar

Laraba da dare, Kazaure

Wata biyu ina kai Malam Habu a babur neman wata mujallar binciken yawan jama'a. Yau muka same ta a ɗakin karatu, gara ta ci gefenta. Ya nuna mini layin ƙauyenmu. Na ce, "Malam, da sunan yayana Sani?" Ya ce ba a sa suna, adadi kawai.

Sai na tuna zuwan masu ƙirgar. Inna ta ce 'ya'yanta biyar, ta tsallake Yaya saboda kunyar ɗan fari. Ina tsaye, ban gyara mata ba. Da kaka ta wuce Yaya ya tafi ci-rani, shekara bakwai ba labari.

Ashe ko cikin adadin ma ba ya nan. Na kasa cin tuwo.