'Yan Agwagwar Surukina da Ƙaryar Muzuru

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na ɗebo ruwan dafa kaina, na kuma rasa wanda zan faɗa wa. Ko maigidana bai san abin da zan rubuta miki ba.

Surukina, mahaifin maigidana, ya dawo gidanmu da zama bayan rasuwar matarsa. Kafinta ne, a sana'ar ya tsufa, amma tun da ya zo akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gado, ko kallonsa ba ya yi. In ka gaishe shi ya amsa, in ka kai abinci ya ɗan taɓa ya ture, shi ke nan. Ni kuma, gara in faɗa miki tun yanzu, jarabar tsabta gare ni. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai da tsintsiya a hannu aka haife ni. Gidan namu ƙarami ne, ɗakuna da baranda sai ɗan tsakar gida na siminti, nan nake wanki, nan nake shanya.

Rannan mota ta take agwagwar maƙwabciyarmu, ta bar ƙwan da ta daɗe tana kwanci a kai. Matar ta shigo da su a kwano tana ba ni labari, wai zubarwa za ta yi, ga shi har ana jin kukan 'ya'yan daga ciki. Baba yana zaune a baranda, mun ma manta da shi. Kawai sai muka ga ya miƙo hannu biyu.

Ya sa na nemo masa kwali, ya shimfiɗa tsohon tawul, ya rataya ƙwan fitila a gefe guda, yana kai bayan hannu yana gwada ɗumin. Haka ya zauna gadinsu yana yayyafa musu ruwan ɗumi har biyar suka fasa suka fito, jiƙe sharkaf, ba kyan gani. Fuskarsa suka fara gani, sai suka ɗauke shi uwa. Kafin mako ya zagayo ya jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado, ya ƙera musu gida na katako da murfin waya da 'yar sakata. Ya zuba musu sassaƙen katako a ƙasa, wai santsi yana lalata musu ƙafa. Ya jera tsakuwa a farantin ruwansu don su tsoma baki ba tare da sun faɗa ciki ba. Duk inda ya dogara sandarsa suna biye da shi a jere. In ya shiga banɗaki, a ƙofa suke tsayawa suna kuka sai ya fito. Mutumin da ba ya magana sai ga shi yana yi musu faɗa, har ya raɗa wa mai ture 'yan'uwanta a wurin abinci suna Acici. Shi kansa ya fara cinye nasa abincin yana neman ƙari.

To amma, Anti, wanda bai yi kiwon agwagwa ba bai san ƙazanta ba. Suna ci suna kashi, su kwaɓa abincin da ruwa su watsa ko'ina. In wanke tsakar gida da safe, kafin in shanya tsumma sun mayar da shi yadda yake. Ga wari, ga ƙudaje. Akwai ranar da santsi ya kwashe ni da bokitin wanki a hannu. Na kai wa maigidana ƙorafi, ya ce in yi haƙuri, ya saɓi jakarsa ya tafi aiki. Haƙurin nan dai kullum ni ake aiko wa da shi. Abin da ya ƙarasa ni, abokan aikina mata sun kawo mini ziyara, ɗaya ta taka kashin da takalminta, ta yi dariya ta ce ashe tsabtar tawa a ofis ta tsaya.

Ranar da maigidana ya kai Baba asibiti a duba masa ido, na kira ƙanwata mai fili a bayan gidanta, na zuba mata su a kwali ta tafi da su. Na bar murfin gidan nasu a buɗe. Da suka dawo na ce wanka na shiga, na fito na tarar muzuru ya yi ɓarna. Maigidana ya ɗan kalle ni. A zatona Baba zai yi jimami kwana biyu ya manta, ai tsuntsaye ne.

Bai zargi muzuru ba, bai zarge ni ba. Durƙusawa ya yi gaban akwatin, ya daɗe yana jan sakatar yana mayarwa. Can ya ce, “Ni ne ban rufe ba. Na tsufa, 'yata, yanzu ko sakata ta fi ƙarfina.” Wallahi, Anti, da idona na ga ya rufe ta da safen nan, har ya jijjiga murfin ya tabbatar. Na buɗe baki in faɗa, tsoro da kunya suka rufe mini shi.

Ga shi an doshi wata guda. Ya koma shirunsa, har ya fi na da. Ya miƙo mini makullin ɗakinsa, wai kada ya yar. Maganinsa ya ce in riƙa ba shi da hannuna, domin kansa ba abin yarda ba ne yanzu. Kayan aikinsa kuwa ya ce a ba duk mai so. Tsakar gidana yana ta ƙyalli, ni kuma ba na iya kallonsa. Na yi nadama, na yi kuka har na gaji, amma da na sani ƙeya ce.

Agwagin suna nan da ransu, ƙanwata ta ce har sun fara gashin manya. Tunanina shi ne in je kasuwa in sayo masa sababbin ƙyanƙyasa, ko Allah ya sa ya sake, maganar ta wuce ban tona kaina ba. In na faɗi gaskiya, da wane ido mutumin da yake kirana 'yarsa zai dube ni? Maigidana kuma fa? Ki faɗa mini yadda zan yi.

Taki cikin nadama,
Mai Tsintsiya

AMSA

'Yar'uwa Mai Tsintsiya, sannu da wannan nauyi da kika ɗauka ke kaɗai.

Bari in fara ba ki gaskiyarki. Agwagwa a ɗan tsakar gidan siminti wahala ce, kuma wahalar ke aka bar wa. Maigidanki ya ji daɗin ganin mahaifinsa ya farfaɗo, amma bai taɓa ɗaukar bokiti ba. Da ya saurare ki tun farko, wataƙila da ba a kai nan ba.

Sai dai abu biyu kika ɗauke wa Baba. Na farko agwagi, su ana sayar da su a kasuwa. Na biyu yardar da ya yi wa hankalinsa da hannunsa, ita kuwa a bakinki kaɗai take. Kada ki sayo masa sababbi yanzu. Mutumin da ya ɗauka shi ya kashe na farko ba murna zai yi ba, fargaba zai shiga. 'Yan ƙyanƙyasa kuma ransu ba ƙwari, in ɗaya ta mutu a hannunsa kin ƙara tabbatar masa da zarginsa. Ga shi ramin ƙarya ƙurarre ne: ƙanwarki ta sani, kallon da mijinki ya yi miki ma ba na banza ba ne.

Ki fara da maigidan naki, ki faɗa masa duka, har da abin da ya kai ki ga aikata haka. Sannan ki samu Baba ke da kanki. Ba za ki rasa jin kunya ba, wataƙila ma ya ɗauke miki kai na ɗan lokaci. Ki jure, kunyar yini guda ta fi sauƙi a kan dattijon da ya sallama kansa.

Bayan nan ki dawo da biyar ɗin, amma ba a fafe gora ranar tafiya. A fara keɓe musu kusurwa ɗaya kusa da magudanar ruwa, kuma Baba ne zai ƙera shingen, da gudumarsa da zartonsa. A ɗora mazubin ruwansu a kan ragar waya, a sa baho a ƙasa ya tare abin da suka zubar, rabin ƙazantar ta tafi ke nan. Wankin wurin a raba shi, maigida ya ɗauki nasa kason. Yanzu sun wuce buƙatar fitila, kuma suna iya wanka a baho. Ki gaya wa Baba kada ya damu in ba su bi shi ranar farko ba. Ya riƙa ba su abinci da hannunsa, za su sake sabawa.

In nan gaba shi da kansa ya nemi ƙanana, a shirya kafin su iso. Ɗumi a gefe guda: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun guje ta suna haki zafi ya yi yawa. Abinci mai laushi, kuma kada a taɓa ba su shi babu ruwa a kusa, yana shaƙe su. Kada a sake su cikin ruwa mai zurfi don an ga agwagi ne, wanda ba uwa a kansa gashinsa jiƙewa yake yi, sanyi ya kama shi. Idan kuma bayan duk wannan shirun Baba bai yaye ba, ku faɗa wa likitansa.

Ranar da za ki durƙusa gabansa, kada ki fara da wari ko ƙudaje, kada ma ki fara da neman gafara. Ki ajiye masa makullinsa a tafin hannu, ki ce: Baba, ka rufe sakatar nan, na gani da idona, ni ce na buɗe. Sauran maganar za ta biyo baya.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa Acici ta gane ƙarar sandarsa.