Da Sunanka Ake Shan Ruwan Tafki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Malam. Bayan gaisuwar ƙani ga wansa kuma malaminsa, ƙara na kawo maka, kuma ƙarar ɗalibanka ce.

Bayan rasuwarka masu bincike daga jami'a sun zo tafkinmu. Suka ɗebi ruwa a kwalabe, suka tumɓuke bado da kainuwa har saiwa, suka tafi gwaji. Da suka dawo suka ce akwai gubar dalma a ruwan, kuma ta fi taruwa a jikin tsirran. Tafasawa ba ta fitar da ita, ƙonawa ma haka.

Ka san amsar mutanenmu? Wai kai ka ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba tsarkakakke ne. Ina zaune a zauren ranar da ka karantar da wannan, kuma a babin alwala ka faɗe shi. Na yi bayani a masallaci, na yi bayani a kasuwar Batsari, har muryata ta dushe. Sai a ɗebo ruwan a ƙwarya, a shinshina, a miƙo mini in shinshina, kamar da hanci ake gane dalma.

Ina tuna wata damina a hanyar Safana, muka yi alwala a wani kududdufi. Na kamfato zan kai baki, ka buge hannuna ka ce, "Na ce ya halatta, ban ce ka sha ba." Ni kaɗai na ji wannan, shi ya sa yau ba ni da shaida.

Yaya, 'yarka Hauwa tana da juna biyu. Har jiya ƙona kainuwar tafkin take yi, ta tace toka ta zuba a miya. Da na hana ta, ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce Babanta bai taɓa hanawa ba. Ƙaunarka ce ke sa ta, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ranar Juma'a zan tsaya inda kake tsayawa, in hana shan ruwan da cin bado da yin toka. Za su ce ƙani ya warware fatawar wansa bayan ƙasa ta rufe masa ido. Su faɗa. In mun haɗu, gara ka tuhume ni a kan fatawa da ka tambaye ni jikanka.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sauki Hauwa lafiya, Ya shayar da mu a tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Wassalam, ƙaninka da ka bari da wannan jama'a.