Albasar Uwaisu a Ɗakin Inbata

Goronyo,
ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Jamaluddeen, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da matarka Ikilima da ɗiyanku. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta dama ta kumbura tun kaka, ido ɗaya ya yi hazo, amma na san ba wannan labarin kake jira ba, tunda da ka buga waya ba ka tambaye shi ba. Na zaɓi rubutu ne don a waya kai kake magana, ka gama, ka kashe.

Saƙonka ya iso ta bakin Uwaisu, ƙanin matarka, wanda ka ɗora a kan wurin wankin motarka. A gaban direbobi ya faɗa mini cewa ka ce kada in ƙara zuwa wurin, wai ni na ƙona inbata, akwatin nan mai daidaita gudun famfo, don ina taɓa makunni in an kira salla kowa ya tafi masallaci. Ya sa aka ɗauke bencina daga gindin dogon yaro aka jingina bayan bango. Jamaluddeen, mi na taɓa? Hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya zube, shi zai kai ga makunnin da ke sama da kaina? Ka sani sarai tun rasuwar mahaifiyarka Habi ba ni da inda nake ganin mutane sai bencin nan. Gida ni kaɗai ne da rediyo. Amma ka ji maganar ɗan'uwan matarka, ka yanke wa ubanka hukunci ba ka ji ta bakinsa ba.

To ga abin da bai gaya maka ba. Ranar da Mujaheed, mai gyaran da ka turo daga Sakkwato, ya zo, na dogara sandata na bi shi. Da aka buɗe ɗakin inbata, sai da ya ja da baya saboda wari. Buhunan albasa ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, an matse akwatin ta kowane gefe. Uwaisu ya sayi albasa a fadama lokacin da take arha, yana jiran ta yi tsada, ya ga ɗaki mai inuwa da ƙofar ƙarfe, sai ya mai da shi rumbu. Mujaheed ya kwance murfin ya nuna mini da tocila. 'Yar fankar da ke fitar da zafi ta tsotsi ɓawon albasa har ta shaƙe ta daina juyawa. Ɓeraye sun biyo buhuna sun yi sheƙa a ciki, sun ci fatar wayoyi. Gumin albasar da ta fara ruɓa, da feshin ruwan da ke shiga ta taga, sun sa ƙarafan ciki sun yi kore.

Ya ce na'urar ba ta mutu da shiru ba. Ta daɗe tana tsayawa da kanta, tana nuna haruffa a fuskarta masu nufin zafi ya yi mata yawa. Da ya matsa wa Uwaisu, sai ya amsa cewa duk sanda ta tsaya yakan kashe babban makunni ya sake kunnawa don kada masu motoci su gaji su tafi, kuma bai taɓa duba haruffan ba. Wato makunnin da aka ce ni nake taɓawa, shi ke wasa da shi yini guda.

Na saurari abin da mai gyara ya ce a kiyaye in an kawo sabuwa, tunda wanda ka ba amana yana can yana ƙirga buhunansa da ido. Kada a ajiye komai a ɗakin, iska ta samu hanya. A toshe tagar da ke fuskantar wurin feshi, a buɗe wata ta baya, a sa mata raga. A riƙa hure fanka da busasshiyar iska, ruwa kada ya kusance ta. A riƙa duba wayoyi ana ɗaure wanda ya saki. In an tayar da janareta, a bari ya daidaita kafin a ba ta wuta. In ta tsaya, a karanta abin da ta rubuta a kira shi, kada a tilasta mata.

Bayan tafiyarsa Uwaisu ya roƙe ni in rufa masa asiri, ya ce Baba a bari farashin albasa ya tashi tukuna. Na ce masa ni ba babansa ba ne a ranar da ya ɗauke bencina. Filin nan nawa ne, gadon mahaifina, aro na ba ka. Na kira masu amalanke sun fitar da albasar nan kaf sun zube ta a rana bakin titi. Na sa sabon kwaɗo a ƙofar, makullin yana rataye a wuyana tare da na gida. Bencina ya koma gindin dogon yaro, a kansa nake wannan rubutu.

Sabuwar inbata ba za ta shiga ɗakin nan ta hannun Uwaisu ba, ko ta hannun direban da za ka aiko. In kana son makulli, ka zo da ƙafarka, ka tsuguna a gaban bencin nan, ka tambaye ni yaya ƙafata, sannan ka cire shi daga wuyana.

Ka gaida Ikilima, ba ni da faɗa da ita. Ka gaida Zakiyya da Iliyasu, ka faɗa musu kakansu bai san tsawonsu ba yanzu. Gwaggonka Atika ta Kwargaba tana gaishe ka, ita ma ta ji abin da ka yi.

Allah Ya shirye ka.

Mahaifinka,
Lawwali.