"An Gama" Ɗin Baba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin da nake riƙe da shi ya fi ƙarfin shekaruna. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, kuma ba ni da bakin magana. Ko a aji malami ya kira ni sai muryata ta shige ciki. Shi ya sa na zaɓi in rubuto. Ki yi haƙuri idan na yi tsawo ko na haɗa gaba da baya.

Mahaifina malamin jami'a ne, ilimin ƙasar noma yake koyarwa. Tun ina ƙaramar sakandare yake fama da aiki guda: yana so jami'arsu da wata jami'a a wata nahiya, can bayan teku, su riƙa ba da digirin digirgir tare. Yadda ya bayyana mana, ɗalibi zai fara karatu a nan, ya ɗebi samfurin ƙasa daga gonaki, ya tafi can ya auna a injinan da mu ba mu da su, sannan malaman ɓangarorin biyu su zauna su jarraba shi, a ba shi takardar shaida ɗaya mai hatimi biyu. Idan Baba ya fara zancen hatimi biyun nan, shayinsa sai ya huce bai sha ba.

Abokin aikinsa a can wani dattijon farfesa ne. A gida Mai Kyanwa muke ce masa, don ba a taɓa yin taro da shi ta kwamfuta ba tare da kyanwarsa ta ratsa ta gaban kyamara da jelarta a sama ba. Baba da kwamfuta ba sa shiri. In ta ƙi magana sai ya yi ta danna maɓalli ɗaya da ƙarfi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka ni ce ke haɗa masa taron idan na dawo daga makaranta, lokacin su can gari ya waye. Sai in zauna a gefe da littafina ko sauti zai ɗauke. Abin da ake faɗa duk yana shiga kunnena.

Anti, Baba yana da wata kalma a bakinsa, "an gama". In Mama ta ce famfo yana ɗiga, an gama. In na ce takalmin makarantata ya ɓalle, an gama. Ba ƙarya yake nufi ba, yana nufin ya ji kuma ya ɗauka a ransa. Mama tana yi masa tsiya cewa an gama ɗin Malam sai an sa masa ranar farawa. Wata rana Mai Kyanwa ya tambaye shi ko majalisar jami'arsu ta amince da shirin. Abin da ya faru a gaskiya shi ne Baba ya yi wa shugaban jami'a bayani, shugaban ya gyaɗa kai ya yaba. Sai Baba ya juya kalmarsa da Turanci ya ce an gama, har ya koya wa dattijon yadda ake faɗa da Hausa. Dattijon ya ji daɗinta, ya ce su ma a wajensu an gama. Daga nan kowane taro da ita yake rufewa, da karkataccen harshensa, mu kuma mu yi ta dariya a bayan labule.

Ɗalibar farko a shirin Yayata ce. Baba ya ce ba zai tura 'ya'yan mutane kan hanyar da bai tura tasa ba. Ta yi wata da watanni tana yawon gonaki tana tara ƙasa a ƙananan kwalabe, sannan ta tafi. Satin da ta tashi Baba ya sayo babban firam ya rataye a falo, babu komai a ciki, wai yana jiran takarda mai hatimi biyu. Tun daga lokacin kowa Dakta yake ce mata, har maƙwabta.

Bana Mai Kyanwa ya kwanta rashin lafiya, ya ajiye aiki. Wata mata ce ta gaje shi. Tana da ladabi, ba ta ɗaga murya, bayanta farin bango ne kawai. A taronsu na farko ta tambayi Baba wane zaman majalisa ne ya amince da shirin, kuma ina yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Ta ce tasu majalisar ba ta taɓa tattauna maganar ba, domin dattijon ya ce a jira amincewar tamu ta iso. Tamu kuwa ba ta taɓa zama a kai ba, shugaban da ya gyaɗa kai ma wa'adinsa ya ƙare ya tafi. Da aka rufe taron, Baba ya daɗe yana kallon baƙin gilashin kwamfutar. Sannan ya kira ni Auta, ya ce kada Yayata ta ji wannan, tana ƙarshen aikinta, zai gyara komai kafin ta sani. Bai ce an gama ba. Tun ranar ban sake jin kalmar a bakinsa ba, kuma shirun ya fi komai ba ni tsoro.

Shi a zatonsa Yaya tana can tana aikinta lafiya. Amma na lura da wani abu. Da can in ta kira mu, tana sanye da farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, bayanta kantocin kwalabe. Yanzu a kan matattakalar bene take kira, da rigar sanyi, tana dariya fiye da yadda ta saba. Ta rame. In Baba ya ce Dakta, sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa.

Wata Asabar da rana Mama ta tafi kasuwa ta manta wayarta, Yaya ta kira na ɗauka. Nan ta gaya mini katinta ya daina buɗe ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, in ta kara shi a jikin ƙofar sai jar fitila ta kama. An ce mata ita baƙuwa ce da ziyararta ta ƙare, ba ɗaliba ba. Kwalabenta suna cikin firiza, an manna musu alamar cewa za a kwashe a zubar idan zango ya ƙare, kuma iznin zamanta a ƙasar a kan ɗalibta yake. Ta ce kada in gaya wa Baba, yana da hawan jini, kuma wannan shirin shi ne rayuwarsa. Za ta yi ta roƙo da kanta. Ta ƙara da cewa in ma abin ya ƙi, ai sai ta dawo ta ƙarasa a jami'ar Baba, tunda a nan an gama komai. Har ta tsokane ni wai in daina zare ido kamar mujiya. Ban iya gaya mata cewa nan ɗin ma babu komai ba.

Kin ga inda nake. Baba ya dogara da can, Yaya ta dogara da nan, ni kaɗai na san duka biyun babu. Kuma ƙarshen zangon yana ta matsowa. Sababbin masu neman shiga shirin suna zuwa gidanmu, Baba yana zaunar da su a ƙarƙashin firam ɗin yana yi musu bayani da muryar da ba irin tasa ba. A cikinsu har da malamarmu ta kimiyya, wadda ta sanar da ajinmu cewa za ta ajiye aiki ta tafi karatu. In ta gan ni a baranda sai ta ce ƙanwar Dakta, ni kuma in sunkuyar da kai. Mama ba ta san komai ba, kullum da safe tana goge gilashin firam ɗin. In na wuce, fuskata nake gani a ciki.

Jarrabawata ta kusa, ina buɗe littafi ba na ganin rubutu. In na gaya wa Baba, ina tsoron ya faɗi. In na gaya wa Yaya, ina tsoron abin da zai same ta ita kaɗai a ƙasar da ba ta da kowa. In na yi shiru, za a zubar da kwalaben. Amanar wa zan ci? Don Allah kada ki sa sunana.

Ƙanwarki,
Autar gida

*

'Yata Auta,

Na karanta wasiƙarki, kuma ba ki haɗa gaba da baya ba ko kaɗan. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba: shirun nan ba zai yiwu ba. Haɗarin da kike hangowa gaskiya ne, kuma yana da ranar zuwa. Idan aka zubar da kwalaben nan, aikin shekaru ya tafi, ba majalisar da za ta dawo da shi.

Kada ki ga laifin mahaifinki fiye da kima. Tsakanin mutum biyu masu mutunci, "an gama" alkawari ne, kuma da shi da dattijon sun faɗe ta da zuciya ɗaya. Sai dai jami'a ba ta jin wannan yaren. Zama take ji, da sa hannu. Matar da ta gaji dattijon ma ba mugunta take yi ba, tambayar da ta yi ita ce wadda ya kamata a yi tun kafin Yayarki ta hau jirgi. Inda Baba da Yaya suka yi kuskure tare shi ne da kowannensu ya ɗora miki abin da ya kasa faɗa wa ɗan'uwansa. Sun yi ne don ƙauna, amma kayan ba naki ba ne. Sirrin da riƙonsa zai cutar da mai shi, fitar da shi ga wanda zai iya gyarawa ba cin amana ba ne.

Ki fara da Mama, a cikin satin nan, ba sai bayan jarrabawa ba. Ita ta san lafiyar mijinta da lokacin da ake gaya masa magana mai nauyi. In bakinki ya ƙi buɗewa, ki miƙa mata wannan shafin ta karanta. Sannan ku kira Yaya ku biyu, ki gaya mata kin kasa riƙewa, kuma akwai abin da Baba zai sanar da ita. Za ta ji haushinki na kwana biyu, ki jure. Bayan nan Mama ta zaunar da Baba da rana tsaka, ya ci abinci ya sha maganinsa, ke kuma ki haɗa kwamfutar kamar yadda kika saba, ki tashi ki ba su wuri. Game da hawan jininsa, ki sani mutumin da ya daina faɗar kalmar da ya saba ya riga ya shiga damuwa. Jin labarin daga bakin 'yarsa, alhali da sauran abin yi, ya fi masa sauƙi a kan jinsa bayan an kwashe firiza.

Abin da za su yi kuma a jere yake. Kwalabe tukuna: Baba ya nemi matar nan a rubuce ta dakatar da zubarwar. Wannan roƙo ne ƙarami, kuma dattijon, in jikinsa ya ba shi dama, zai iya sa baki. Yaya ta je ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi ta faɗi halin da take ciki game da iznin zama, ta daina roƙo ita kaɗai a kan matattakala. Baba ya bincika matsayinta a jami'arsu, ya nemi a yi mata rajista a digirin da aka saba bayarwa, don aikinta ya samu gida ko da shirin haɗin gwiwar ya ja lokaci. Shirin kansa bai mutu ba. A kai shi gaban majalisun biyu yadda ya kamata. Maganar malamarki kuwa, ba ke za ki gaya mata ba, amma ki tuna wa Mama, domin wajibi ne Baba ya dakatar da ita da sauran kafin wani ya ajiye aikinsa.

Ba zan yi miki alkawarin hatimi biyu ba. Mai yiwuwa takardar da za ta shiga firam ɗin nan mai hatimi ɗaya ce, mai yiwuwa ta makara da shekara, kuma mahaifinki zai sha kunya a gaban abokan aikinsa. Duk wannan ana warkewa daga gare shi. Abin da nake tsoro shi ne zango ya ƙare kowa yana murmushi a waya.

Gidanku yana bukatar mutum ɗaya da zai fara cewa "ba a gama ba". Ko da muryarki ta shige ciki, Mama za ta ji. Ki faɗa, ki koma ga littattafanki. Allah ya ba Babanku lafiya, ya buɗe wa Yayarki ƙofar, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Taki,
Anti