Ginshiƙan da Suka Mayar da Ni

Daren Talata, cikin Safar, unguwar Tandabawi, ƙasa mai tsarki

Yau na raka maƙwabcina Alhaji Idi wani ofishin hukuma, domin in sa baki a saki ɗansa da aka tsare saboda rashin iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ginin dogo ne, ginshiƙansa tsirara, ba zane, ba ƙawa, ba ko aya guda da ido zai huta a kanta. An gina shi ne domin mutum ya ji ƙanƙantarsa, na kuwa ji. Tun a matakala na ja da baya. Ni da nake karantar da tawakkali bayan Magariba, sai na ce, "Alhaji, mu bari sai bukra," wato gobe.

Ya sumbaci kaina, ya ce, "Ba komai, Malam, kun gaji." Ya shiga shi kaɗai.

Astagfirullah. Har yanzu ban ji motsin ƙofarsa ba.