Ƙullutun da aka ciro daga hanjin Garba

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa daga Treichville. Yaya jikin Inna? Ina maigidan da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Bayan haka, an yi wa ƙanenmu Garba aiki a ciki. Likita ya yanke taƙi biyu na ƙaramin hanjinsa, da ƙullutu kamar ƙwan agwagwa, ya sa a kwalba ya aika Dakar a duba. Takarda ta dawo: mugun ƙari ne daga tsokar hanjin, irin wanda ba a cika gani ba, kuma ya riga ya kai hanta.

Yaya, tun bara likitan, wani Bafaranshe, ya ce a yanka. Ni na yi tafinta. Don haushin Faransawan da suka kore ni daga ofis, na ƙi yarda da wuƙarsu, na ce wa Garba likita ya ce tsutsar ciki ce. Ya koma rumfar namansa a kasuwar Adjamé. Amfanin karatuna ke nan.

Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Sule, ba don kai ba da na mutu."

Ki gaida kowa. Inna ta yi masa addu'a, ni kuma ta roƙa mini gafara, ko ba ki faɗa mata dalili ba.

Ƙanenki,
Sule